Gadar Kansila Imurana

Imurana Kadiri tela ne a Nima, shagonsa na bakin babbar kwatar da ta raba unguwarsu da unguwar Maamobi. Duk damina kwatar kan cika, mata 'yan kasuwa su rasa hanyar wucewa. Gab da samun 'yancin kai ya tsaya takarar kansila da alkawari ɗaya, cewa zai sa gada. Bai ci zaɓen ba.

Washegari Mma Barikisu mai koko ta zo yi masa jaje, ta tarar yana auna faɗin kwatar da igiya.

Ta ce, "Ɗana, ai ka faɗi."

Ya ce, "Mma, kujera ce na rasa. Gada kuwa na riga na yi alkawari."

Ya roƙi katako wajen kafintoci, 'yan dako suka kwaso, samari suka kafa. Ranar ruwan farko Barikisu ta tsallaka da tukunya a ka.

Zaɓe na gaba ya ci cikin sauƙi. Daga kansila ya wuce majalisar yanki, inda ya matsa wa manya lamba har unguwarsu ta samu famfo.