Anti Almakashi Ta Cire Kanta

Jama'ata, barkanku da war haka. Ku ɗan ajiye gulmar nan tukuna. Yau ba shirme na zo da shi ba, labarin wata baiwar Allah na kawo muku.

Kullum da safe, kafin ta tafi wurin aikin da ake biyanta albashi, Anti Almakashi tana zama a teburin kicin, tabarau a kan hanci, shayi yana hucewa a gefe, tana amsa tambayoyin mutanen da ba ta taɓa gani ba. Wani ya fara da gaisuwa, wani da zagi. Duk amsarta ɗaya ce: "Turo min abin da ya fito maka mu gani."

Ga waɗanda ba 'yan harka ba: in za ka koya wa kwamfuta hasashe, misali wane majinyaci ne ke cikin haɗari, sai ka tara mata bayanai rututu, shekaru, nauyi, gwajin jini, har da tarkacen da ba ruwansu da ciwon. Ka ɗura mata duka, ta rikice. Anti ce ta rubuta laburaren da ke tace su, wato tarin kod, rubutun da ke ba kwamfuta umarni, da ta zuba a intanet, kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya gyara. Dabarar ita ce: cire bayani ɗaya, sake gwadawa. In hasashen bai lalace ba, to dama zaman banza yake yi. Mu masu taya ta aikin ma haka take mana. Ka kai mata kod shafi guda kana hura hanci, ta dawo maka da abin da bai cika tafin hannu ba, kuma ya fi naka aiki. Kun ji inda sunan ya samo asali.

To, sai ido ya kawo cikas. Likita ya ce ko ta rabu da kallon allon kwamfuta, ko idon hagu ya rabu da ita. 'Yarta ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ɓoye caja. Anti ta ce ita ba za ta bar dubban mutane da laburare maraya ba.

Mu uku ne 'yan sa-kai da ke taruwa a falonta duk ƙarshen mako: ni, da Dogo, da Auta. Wata Asabar muka tarar da saƙo daga wani ma'aikacin ƙaramin asibiti a wata ƙasa. Da laburaren yake zaɓen gwaje-gwajen da suka zama dole, don ba su da kayan yin duka. Ya ce sabon zubin laburaren da aka fitar yana jefar da duk gwajin da ke da gurbin da ba a cike ba, har da mafi muhimmanci.

Muka juya muna kallon Anti. Tana kishingiɗe, ta ɗiga magani, ido a rufe.

Na ce, "Anti, gobara fa."

Ta ce, "Allah ya kashe ta."

"Haba Anti, ki leƙa mana, ko da idon dama ne."

"Na dama ya tafi hutu. Ku ɗauka babu ni."

Dogo ya ce, "Wallahi ta san inda matsalar take. Dubi yadda take cizon leɓe."

Ta ce, "Kai dai tsawo aka ba ka ko hankali? Yau za mu gani."

Da muka ga da gaske take, Auta ta fara rubuta wa mutumin ya koma tsohon zubi kafin mu gyara, kada a cuci majinyaci. Na ga kafaɗar Anti ta ɗan sauka, amma ba ta buɗe ido ba. Dogo ya bi kod ɗin layi-layi yana gumi kamar mai dako. Ni na haɗa gwajin kod da zai kama ɓarnar in ta sake dawowa, ina yi ina surutu, Auta tana cewa in rufe mata baki. Kafin yamma muka fitar da gyara. Mutumin ya rubuto godiya, ya sa sunan Anti.

Sai a lokacin ta buɗe ido. Ta ce, "An cire ni, aiki bai lalace ba. Kun san hukuncin. Zaman banza nake."

Auta, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "A'a Anti. Wani lokacin ana cire bayani ba a ga giɓi ba don sauran suna ɗauke da abin da ke cikinsa ne. Mu a ina muka samo?"

Anti ta kau da kai. Hawaye ya gangaro, ta ce wai maganin ido ne. Na ce, "Ikon Allah, a hagu aka ɗiga, dama ke zuba." Ta jefe ni da filo. Sannan ta miƙa wa 'yarta kwamfutar da hannunta.

Anti, ke ce mai yanke tarkace ba ki taɓa yanke wa mai tambaya hanzari ba. Ke ce aikinki ke gudana a ɗakunan da ba a san sunanki ba. Mun gode. Allah ya bar miki idanunki, ki ga jikokinki tar. Ku kuma masu kwasar kod kyauta kuna wucewa, ku tsaya ku amsa wa wani tambaya ko ɗaya, ku koya wa wani har ya iya ba ku.

Amma ku faɗa min gaskiya: amsa na bakinku, mutum yana can yana jira, yara suna ta lalube a gabanku. Da ku ne, za ku iya rufe ido ku yi shiru?