Kasuwar da Muka Gina a Gonar Kawu

Akwai wani fili a bakin garin Birnin Kudu, gefen hanyar da ta nufi Gwaram, wanda nake kau da kai daga gare shi duk lokacin da na zo wucewa. A cikinsa akwai jerin rumfuna na bulo da kwano, da ɗakunan ajiya masu ƙofar ƙarfe, da wani dakalin siminti inda aka yi niyyar kafa sikeli. Ba mai shiga wurin sai awaki. Kafin a gina waɗannan abubuwa, gonar kawuna ce a wurin, ƙanin mahaifiyata, kuma ni ne na taka har gidansa na roƙe shi ya bayar.

Na karanci tsara birane a jami'a, na kuma yi shekaru ina aiki a Kano. Duk zuwan da zan yi gida a lokacin kaka, abu ɗaya nake tararwa. Manyan motoci sun tsaya a tsakiyar gari ana lodin gero da dawa da riɗi da gyaɗa, hanya ta toshe har mai ɗauke da marar lafiya ya rasa ta inda zai bi, kwalbatoci sun rufta saboda nauyin da ba don shi aka yi su ba. Abin da manoman Kangire da Kiyako da Maruta suka sha rana a kansa yakan ratsa garinmu ya wuce Kano ɗanye, ba a matse mansa a nan ba, ba a niƙa shi a nan ba. Samarin da suka gama makaranta su ma sai su bi bayan buhunan. Na daɗe ina jin haushin cewa garin da ya kai girman namu ya zama mashiga kawai, arziki yana wucewa ta cikinsa yana bar mana ramuka.

Saboda haka da wata ƙungiyar ci gaban gari ta kafa kwamiti a kan cunkoson, aka kuma ce ni zan riƙe alƙalami, ban yi gardama ba. Ni na zana tsarin. A fitar da cinikin hatsi daga tsakiyar gari zuwa fili mai faɗi a bakin hanya, a yi ɗakunan ajiya, a kafa sikeli guda wanda kowa zai yarda da shi, daga baya kuma a jawo masu injin matse mai su zauna a gefe. Takardar ta yi shekaru tana yawo daga tebur zuwa tebur. Duk sabon jami'in da ya zo sai ya ce a sake kawo masa bayani daga farko, kamar garin ma ranar aka kafa shi. Da ƙyar aka amince, bisa sharaɗin cewa mu za mu samar da fili. Da muka duba, babu inda ya dace kamar gonar kawu.

Gona ce mai laushin ƙasa, da bishiyar ɗorawa biyu da tsamiya guda a tsakiya, ya gaje ta daga kakana. Na same shi bayan la'asar yana gyaran ƙotar fartanya a ƙofar gida. Na shimfiɗa masa zanen a kan tabarma, na yi ta bayani, yana gyaɗa kai. Da na gama sai ya yi mini tambaya ɗaya.

"To, ɗan boko, idan mutumin Maruta ya sauke buhunsa a can, gidan wa ya sauka?"

Na ce masa ai ba sai ya sauka gidan kowa ba. Za a sa mai gadi, za a ba shi makulli, kayansa suna nan lafiya har ranar da ya ga dama.

"Makullin ne zai kawo masa ruwan alwala, ko mai gadin?"

Na yi dariya, domin na ɗauka irin tsokanar da ya saba yi mini ce tun ina yaro. Bayan kwana biyu mahaifiyata ta aika masa cewa kada ya kunyata ɗanta a gaban mutane, shi kuwa bai taɓa musa wa yayarsa ba. Ya bayar a gaban mai unguwa da liman da 'yan kwamiti. Aka musanya masa da wani fili can bayan duwatsu, mai tsakuwa, wanda sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya isa. Na ga filin da idona, na kuma san ciwon gwiwarsa, amma na gaya wa kaina cewa amfanin gari ya fi na mutum ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai a yau shi ne, amsar tambayarsa ba baƙuwa ba ce a wurina. A unguwar da na tashi, zauren maƙwabcinmu ba ya rabuwa da buhuna. Shi fatoma ne, wato mai masaukin mutanen ƙauye masu kawo hatsi. Manomin da ya taso daga Maruta ko Kangire ba kasuwa ya nufa ba, gidan fatomansa ya nufa, wanda sau da yawa uban wannan ya sauka gidan uban wancan. A nan zai sauke kaya, ya yi salla, a kawo masa fura. Idan farashi bai yi masa ba, ya bar buhunan a zaure ya koma gida hankali kwance. Fatoman ne ya san wane ɗan kasuwar Kano ne mai cika magana, shi ne kuma yake tsaya wa mai saye cewa babu tsakuwa a ƙasan buhu. Idan matar manomin ta kwanta asibiti, daga gidan ake kai mata abinci. Duk wannan na gani da idona ina yaro. Amma da na zauna rubuta tsarina, sai na kira su 'yan tsakiya masu cin gumin manomi, na kuma lissafa kawar da su cikin alfanun sabuwar kasuwa.

Ba zan ce ƙarya zalla na rubuta ba. Akwai waɗanda mudunsu na saye ya fi na sayarwa zurfi, kowa ya sani. Laifina shi ne ban zauna da ko ɗaya daga cikinsu ba. Taron jin ra'ayi da muka kira a ɗakin taron wata makaranta, masu sarauta da malamai da ma'aikata muka gayyata, muka jera su a kan kujeru, kowa ya sa albarka. Mutanen da hatsin yake kwana a zaurensu suna can suna awo, ba wanda ya tuna da su. Ko kuwa in faɗi gaskiya, na tuna, na ga cewa za su kawo mini cikas.

An buɗe kasuwar da rumfunan biki da jawabai. Aka kafa doka cewa babbar mota ba za ta ƙara lodi a cikin gari ba. Mako biyu na farko hanya ta buɗe, har na riƙa zagawa ta tsakiyar gari don kawai in ji daɗin ganin aikina. Abin da ban gani ba shi ne, manoma ba su fasa sauka a gidajen da suka saba ba. Sai dai yanzu dole a ɗora buhunan a amalanke a tura su har bakin gari don a yi lodi, wahala ta ninku a kan mai kaya da mai saye. 'Yan kasuwar Kano ba su yi jayayya da kowa ba. Suka riƙa wuce mu suna shiga ƙauyukan wajen Gwaram suna saye a bakin gona. Kaka guda ta isa. Masu shayi da masu dako da masu faci a tsakiyar gari suka fara kuka, aka kai ƙorafi inda ake kaiwa, dokar ta mutu ba tare da wani ya sanar da mutuwarta ba. Motoci suka dawo inda suke, wasu 'yan kasuwar kuwa ba su dawo ba har yau.

Na yi shekaru ina ɗora laifin a kan wasu. Rijiyar burtsatse da aka yi alkawari ba a haƙa ba. Guntuwar hanyar da ta shiga filin ba a zuba mata kwalta ba, har wata mota ta kafe a ciki da damina. Waɗannan duk gaskiya ne, kuma har gobe ina jin takaicin yadda ake gina abu a bar shi ba ruwa ba hanya. Amma wata rana motata ta lalace, na shiga ta haya zuwa Gwaram. Da muka zo daidai filin, direban, wanda bai san ni ba, ya nuna shi da baki ya ce wa na kusa da shi, "Alhaji, ka ga aikin masu ilimi. Sun gina wa awaki masauki, su kuwa awakin sun gode." Motar ta kwashe da dariya. Wani dattijo a baya ya ce ko da an kawo ruwa da kwalta shi ba zai kai riɗinsa inda ba wanda zai amsa masa sallama ba.

Bana, kafin ruwa ya sauka, kawu ya zo gidana. Bai taɓa zuwa wurina da buƙata ba, ni nake zuwa wurinsa. Ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafa, muka gaisa. Ya ce gwiwa ta hana shi zuwa bayan duwatsu, 'ya'yansa maza kuma duk suna Kano. Ba ya neman a rushe komai. Bayan rumfunan akwai sashen da ba a taɓa ginawa ba, wajen tsamiya, shi yake so a ba shi izini ya shuka gero. Na ce masa wannan ƙaramin abu ne, ya ba ni mako guda.

Na rubuta takarda, abin da na fi iyawa ke nan. A ofis na farko aka ce filin a rubuce kasuwa ne, ba za a ba da izinin noma a kasuwa ba. Na ce su zo su ga kasuwar. Aka ce ganin ido ba ya canza abin da ke cikin fayil, sai kwamitin da ya nemi filin ya zauna ya nemi a sauya. Kwamitin kuwa ya watse tuni, shugabansa ya rasu, ƙungiyar ma sunanta kawai ya rage. A ofis na biyu aka karɓe ni da mutunci, aka ba ni kujera, aka ce wanda zai sa hannu ya tafi taro. Ruwan farko ya sauka ina kan zirga-zirga. Na biyu ya sauka, mutane suka fita shuka. Wani jami'i mai kirki ya raka ni bakin ƙofa, ya rage murya ya ce in gaya wa dattijon ya shiga ya shuka abinsa kawai, ba wanda zai tanka.

Da wannan shawarar na koma wurin kawu, ina jin kunyar ta amma ina ganin ita ce mafita. Na ce ni da kaina zan kawo masu huɗa, in an yi magana in ce ni na sa shi.

"A gaban liman da mai unguwa na bayar," in ji shi. "Yanzu kuma in lallaɓa in shiga gonar ubana kamar mai satar kaji?"

Na ce, "Kawu, lokacin shuka yana wucewa."

"Na fi ka sani. Ranar da ka zo karɓa, zama ɗaya muka yi. Ka je ka karɓo mini ita yadda ka karɓa."

Na sha yin tunani ko taurin kai ne, domin gero ba ya jiran sa hannun kowa. Amma ni ne na koya masa cewa magana sai da takarda, ni ne na ce makulli ya fi zaure aminci. Ba ni da bakin da zan ce masa yanzu takardar wasa ce.

Lokacin shuka ya wuce. Gero ya yi kai a gonakin da ke kewaye, filin kawu kuwa tafasa ce ta rufe shi har gindin tsamiya. Ya shuka 'yan layukan kuɓewa a bayan ɗakinsa, yana ba su ruwan wanke-wanke idan sama ta yi jinkiri. Ni kuma ina bin tsofaffin 'yan kwamiti gida gida, waɗanda suka rage, ina neman su sa hannu a kan cewa mun zauna. Biyu sun sa. Ɗaya ya ce sai ya yi shawara, domin ba ya so a ce shi ya kashe kasuwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na biya gaishe shi bayan masallaci. Ya amsa da fara'a, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini ruwa. Sai da na tashi tafiya, ina neman takalmina, ya ce, "Ɗan boko, takarda ta fito?"

Na ce tukuna, Kawu.

Ya ce to, irin geron yana nan a rataye, ya ɗaure shi da kyau saboda ɓera.