Thyra Mai Jan Tuta da Harsashin Bakin Ƙofata

Ni na riga kowa ganin barikin nan a duk yammacin yankinmu na Jutland. Ina saurayi ina kiwo a bayan tudun yashi, mutum uku suka zo suka kafa turke mai jan kai daidai inda ragona yake kwance. Ban yi boko ba, amma a ranar na faɗa wa gari cewa igwa na tafe. Aka yi mini dariya. Kafin shekara ta zagayo an tashi gonaki goma sha ɗaya, an kewaye filin da waya, kofunanmu sun fara rawa a kan kanta saboda ƙarar igwa. Sojojin da aka yi ta turawa bakin daga a filinmu suka koyi harbi. Kwamanda tara sun zo sun tafi, ni ina nan.

Amma yau ba kaina zan yaba ba. Thyra Bjerregaard ce za ta ajiye aiki a watan nan, bayan shekara talatin da huɗu tana gadin filin harbi. Ba soja ba ce. Kullum da safe takan ɗaga jan tuta a ƙofofi shida, ta zaga da mota ta kori makiyaya, kuma sai ta ce ba kowa sannan igwa ke tashi.

Mu na gefen bariki muna da wata ɗabi'a. Harsashin igwa na koyo shuɗin fenti gare shi, ba ya fashewa, sai mu tsinto mu tokare ƙofa da shi. Nawa ya fi na kowa girma. Tsatsa ta cinye fentin, amma na rantse shuɗi ne. Shekara ashirin yana bakin ƙofar kicin, kusa da kujerar matata Ingeborg, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Wata Talata Thyra ta biyo shan kofi. Don in burge ta, na sunkuya na rungumo shi.

"Kin taɓa ganin irinsa, 'yar nan?"

Ta ajiye kofinta a hankali. Ta ce, "Baba Ejnar, kada ka ajiye, kada ka juya shi. Wannan mai rai ne, yana iya fashewa."

"Yarinya, tun ba a haife ki ba nake..."

"Na sani, kai ka haifi bariki. Tsaya yadda kake."

Sai na ji wani abu ya ce ƙis a cikinsa. Na tsaya cak. Ta kira masu kwance bam, suka ce sai nan da minti arba'in. Ƙarfe kilo goma sha biyar, ni kuwa shekarata saba'in da tara, ga ni na tare ƙofa, ba hanyar fitar da Ingeborg.

Ingeborg ta ce, "In ka kashe ni, Ejnar, ba ni ba kai."

Taga a buɗe take, Thyra na iya ficewa ba wanda zai zarge ta. Sai ta matso ta zura hannuwanta ƙarƙashin nawa, goshinta dab da nawa. Ina jin bugun zuciyarta ta cikin ƙarfen.

Ta ce, "Ba ni labarin turken nan."

"Kin ji shi sau ɗari."

"Sake ba ni, Baba. Kada dai ka yi nuni da hannu."

Sau huɗu na ba ta shi kafin motar ta iso. Da suka tayar da abin a bayan tudu, tagogin gari duka sai da suka amsa.

Ke ce, Thyra, kika bi gida-gida bayan nan kina kwashe mana abin tokare ƙofa, ana harararki. Ashirin da uku kika tara, uku masu rai, ɗaya a ɗakin da jarirai ke kwana. Ba a ba ki lambar yabo ba, ke ma ba ki nema ba. Na gode, 'yar nan, Ingeborg ma ta gode. Wanda zai gaji tutarki ya gaji har da tsayuwarki.

Mai ganin ƙari na yi, ramin da fashewar ta bari yana nan bayan tudu, in mutum ya tsaya a ciki kansa ba ya leƙowa. Na kuma ajiye tsohon ƙarfe kilo goma sha biyar a tsakar gidana. Ya zo ya rungume shi minti arba'in. Shi ba ya ma fashewa.