Malama Ramatu Mai Duba Takalman Bakin Ƙofa

Kowace Asabar da hantsi, Malama Ramatu takan hau jirgin ƙasa a Taman Melati da jerin sunaye a jakarta. Shekara tara ke nan, ba albashi. Ita ke tantance masu karɓar shinkafa, mai da kuɗin asibiti daga asusun 'yan Arewa mazauna Kuala Lumpur, wanda aka kafa don iyalan da kuɗin karatunsu ya maƙale.

Gurbi arba'in ne kacal. Idan maƙaryaci ya shiga, mabuƙaci ne ya fita. Haka Hureira, wadda mijinta ya rasu yana tsakiyar karatu, ta yi wata biyar tana jira da marayu uku.

Malama ba ta yarda da takarda kaɗai. Gida take zuwa, kuma kafin ta yi sallama sai ta dubi bakin ƙofa, tunda a nan kowa a waje yake tuɓe takalmi. A Bukit Jalil ta je gidan Abdulbaƙi, aminin mijinta, wanda ya rubuta cewa yana da mata da 'ya'ya biyar. Silifas ɗin babba kaɗai ta tarar.

"Malam, ina yaran?"

"Sun fita makan, Maman Afnan."

"Da takalman makaranta da na wanka duka suka tafi cin abincin?"

"Haba, kin zama imigireshan ne? Rufin asiri, lah," in ji shi, da salon maganar mutanen ƙasar nan.

"Asirin Hureira fa, wa zai rufa?"

Ashe iyalinsa sun koma Gusau tun bara. Ta soke sunansa, ta sa na Hureira.

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Aka daina kiranta suna da walima, aka laƙaba mata "'yar sandan shinkafa". A taron Sallar bana na gan ta a gefen tabarma, Hureira kaɗai ke kusa da ita.

Malama, ke ce garkuwar marayu. Ba ki taɓa tozarta kowa a bainar jama'a ba, ba ki kuma taɓa kau da kai ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Wata mai zuwa za ta koma gida. Da aka nemi magaji, duk muka sunkuyar da kai, har da ni. Mutum shida da ta cire tuni sun sake cike fom. Jama'a, wani ya daure ya karɓi jerin nan kafin ta tafi. Sunan Hureira ne na arba'in.