Saƙon Inna da Na Goge da Hannuna

A lokacin ni saurayi ne mai taurin kai, ina tsaron shagon kawuna a Sotega, nan Libreville, na daɗe rabona da gida Maraɗi. Faransancina bai wuce na ciniki ba. Abin da na ƙware a kai shi ne "wi", wato "eh" da Faransanci. Ɗan sanda ya tare ni, wi. Ma'aikacin ofis ya zuba dogon bayani, wi. Duk ɗan cirani ya san wannan dabarar: ka amsa da sauri a rabu da kai.

Inna, mahaifiyata, ba ta karatu, don haka saƙon murya take aiko mini ta wayar ƙanwata. Maganar kullum ɗaya ce, in zo gida ta gan ni. Har na ƙosa, na riƙa barin saƙonta ya kwana ban buɗe ba. Na ƙarshe ya shigo ina auna wa wata mata shinkafa, na ga ya fi na kullum tsawo, na ce sai na samu sarari. Washegari aka kira ni aka ce Inna ta rasu. Ƙanwata ta gaya mini sai da Inna ta sa kowa ya fita daga ɗaki kafin ta yi saƙon, ta ce nawa ne ni kaɗai. Na kasa buɗewa, tsoro nake kada in ji tana kuka da ni. Na kai wa mai gyaran waya ya mayar mini da shi cikin katin memori na wayata, wai don ya fi tsaro, ina jiran ranar da zuciyata za ta yi ƙarfi.

Bayan wasu watanni takardar zamana ta kusa ƙarewa, na je wani shagon intanet a unguwar Cocotiers neman ranar sabuntawa. Ina zama intanet ɗinsu ya ɗauke. Mai wurin, ɗan ƙasa ne mai kirki, ya ce in ina da data in haɗa wayata da kwamfutar da kebul ɗin caji, ta ja intanet daga wayar. Ya faɗa mini inda zan taɓa da Faransanci mai gudu, ya juya wurin masu jiran fotokofi. Na ce wi, alhali ko rabi ban kama ba. Tsohuwar wayata ta fito da zaɓi, maimakon na raba intanet sai na taɓa na buɗe ma'ajiya. Kwamfutar ta jefo mini tambaya. Kunya ta hana ni kiran mutumin a gaban jama'a in ce ban gane ba. Na danna wi. Ta sake tambaya, na sake dannawa, har ina jin haushin yawan surutunta.

Da ya dawo ya duba, sai ya dafe kai. Ya ce tambayata ta yi ko ta wanke katin gaba ɗaya, kuma har ta gargaɗe ni. Ya yi iya ƙoƙarinsa, mai gyara ma ya gwada, hotuna kaɗan suka dawo, muryar ba ta dawo ba. Na kira ƙanwata, ta ce ai waccan wayar ta lalace tuni, ta jefar.

Har yau ban san abin da Inna ta faɗa ba, ko yafe mini ta yi, ko wata amana ta bar mini. Wannan rashin sanin ya fi rasuwar cin raina. 'Yan'uwa, kada ku danna abin da ba ku gane ba, cewa "ban gane ba" ba ya kashe mutum. Wanda kuma saƙon mahaifiyarsa ke jira a waya, ya ajiye mujallar nan ya saurara yanzu. Ni na ce wa kwamfuta wi har sau biyu, amma wadda ta haife ni ta yi ta kirana gida ban taɓa amsa mata ba.