Sakatar da Marsidi Ya Koya wa Jikansa

Shekara arba'in Marsidi ya yi yana ƙera kwalekwalen katako a unguwar kan ruwa ta birnin Sandakan, sai masunta suka koma sayen na roba, suka bar shi da zartonsa. Aiki ɗaya ya rage masa: renon jikansa Hafizul, ɗan shekara biyu, daga safe har uwar yaron, Rosnani, ta taso daga kamfanin ɓare jatan lande. Tun rasuwar matarsa, ba wata murya a gidan sai ta yaron nan.

To, yaron kuwa ƙiriniya kamar ya ci ƙafar kare. Ranar da Rosnani ta zaro ƙusa daga bakinsa, sai ta dubi ubanta.

"Baba, ni fa na gaji. In aka ƙara, gidan surukata zan riƙa kai shi. Can kan tudu ne, ba ruwa, ba ƙusa."

"Ke wa ya rene ki? Kifi?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗauko wani fallen katako na tsohon kwalekwale, ya kwana uku yana goge shi, yana tsaki, don ya yi wa yaron allon wasa. Ya kafa masa ƙugiya, da igiya mai ƙulli, da tsohon makunnin fitila, da zif ɗin wata jaka. A tsakiya ya ɗaura sakata sabuwa fil, ragowar guda biyun da ya saya lokacin da ya yi wa bakin tsani 'yar ƙofa don kada yaron ya sauka ruwa.

Ya ajiye wa Hafizul allon. Ɗan nema ya kalle shi sau ɗaya, ya wuce ya ɗauki gwangwanin fenti yana ta bugawa.

Abin ya ƙona wa Marsidi rai ƙwarai. Mutumin da kwalekwalensa ke kaiwa har can garin Semporna mai nisa, yau gwangwani ya fi aikinsa daraja! Ya rantse sai yaron ya iya. Kullum bayan sun karya da shinkafar kwakwa, sai ya zaunar da shi a cinya, ya kama 'yan yatsunsa. "Ɗaga, malam, sannan ka ja. Ɗaga na ce, ba ciji ba." Yaro ya yi kuka, kaka ya yi faɗa, gobe a sake.

A rana ta tara sakata ta yi ƙas, ta buɗe. Marsidi ya yi dariya har da hawaye, ya kira maƙwabta suka gani.

Washegari da la'asar ruwa ya cika har yana lasar ƙafafun gidaje. Marsidi ya shiga kicin juya kifi, bai fi minti biyu ba. Rosnani na shigowa ta gadar katako ta hangi ƙofar tsani a wangale, Hafizul zaune a mataki na uku, ƙafa ɗaya na lilo a kan ruwa. Ba ta yi ihu ba. Ta lallaɓa ta damƙo shi ta wuyan riga.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe?"

"Wallahi na rufe." Yana faɗa yana kallon sakatar ƙofar, sai ya gane. Babu wanda ya manta. Shi da hannunsa ya koyar.

Kafin magariba ya cire ta, ya mayar can sama inda shi kansa sai ya yi ɗage. Ya nuna wa Rosnani, ta ce ta gani.

Da safe ta zo kwashe kayan yaron. Marsidi ya miƙo mata allon.

"Tafi masa da shi. Yanzu yana sonsa."

"Bar shi nan, Baba," ta ce a hankali. "Su surukata a bene hawa na huɗu suke, kuma ƙofar barandarsu ma sakata ce."