Mai Neman a Ƙaryata Shi

Clive Haxby direban bas ne a Hull, mutumin da ba ya yarda yaro ya mayar masa da magana. Sai malamar da ke koyar da 'yarsa Bryony ta ce masa, a ganawar shiga babbar jami'a wanda ya iya ja da farfesa ake ɗauka.

Daga ranar, in an zauna cin abinci sai ya ɓaro shirme da gangan.

"Kifi ba ya jin zafi."

"Haka ne, Baba."

"Haka ne ɗin me? Ƙaryata ni mana!"

A hankali ta koya, har ta riƙa kayar da shi, yana tauna dankali yana huci.

Jami'ar ta ɗauke ta, ta tafi. Yanzu in ya ɓaro shirmensa, matarsa takan ce, "Haka ne, Clive." Sai ya ajiye cokali.